Ranar da batirin motar wasa ya zama fanke

Da sunan autana aka kawo motar. Ƙanena ne ya taho da ita daga Guwanzu, irin mai rimot ɗin nan da ke gudu har tana ta da ƙura. Amma tun shigowarta gidan, yaron bai riƙe rimot na minti biyar ba. Kullum ce masa nake gwada masa nake yi. Wata uku ina gwadawa.

Batirinta ba irin na tocila ba ne. Wani ɗan dogo ne kamar sandar sabulun wanki, an rubuta LiPo, 7.4V, 5000mAh a jikinsa. Wayoyinsa kashi biyu ne: masu kauri, ja da baƙi, sai wasu sirara guda uku masu farin kai. Cajar kuma da allonta da maɓallai huɗu. Ƙanena ya saita ta kafin ya tafi, ya ce kada in taɓa komai. Takardar bayanin kuwa tuni uwargida ta hura gawayi da ita.

Wata Asabar ce a Afrilu, lokacin da ranar Kano ke soya ƙwai a kan siminti. Na yi ta tsere a ƙofar gida har motar ta koma rarrafe. Ina ciro batirin, da zafinsa kamar dankalin gashi, sai ga ihun yara an kawo wuta. Kun san yadda ake, kowa ya ruga da cajarsa. Na jona, caja ta kama kuka. Ashe auta, da ya rasa rimot, kan maɓallanta ya huce. Na yi ta danne-danne har ta yi shiru ta fara aiki. Na ga allon ya rubuta NiMH, na ce Turancinsu ne. Siraran wayoyin ma ban jona ba, tunda ga shi tana ci ba su. Na ɗora komai a kan kushin ɗin falo, na je na miƙe.

Muryar uwargida ce ta tashe ni.

"Baban yara, wane irin turare ka sayo? Falon nan sai ƙamshin alawa yake, ga wani ƙauri-ƙauri."

Na tarar sandar sabulu ta koma fanke. Na zare cajar daga bango, na tsaya ina kallon ikon Allah. Sai wata dabara ta faɗo min: ai iska ce a ciki, a huda ta fita. Na karɓi allura. Ina cikin auna inda zan soka, ɗan wana da ke karatun injiniyan lantarki ya yi sallama.

"Baffa, don girman Allah ajiye allurar nan!"

Tunda aka haifi yaron nan bai taɓa ɗaga min murya ba. Shebur ya rarumo, ya kwashi batirin kamar mai ɗauke da kububuwa, ya kai tsakar gida, ya sa a tsohuwar tukunyar ƙasa. Sannan ya juyo kaina. Ya ce gida biyu ne a cikin batirin, kowanne iyakarsa bolt 4.2, jimla 8.4, kuma in caja tana kan tsarin LiPo, wato na irin wannan batirin, a nan take tsayawa. Tsarin NiMH kuwa, wanda na wani irin batiri ne daban, jira yake ƙarfin wuta ya ɗan sauka kafin ya san an ƙoshi, alamar da wannan batirin ba ya bayarwa, don haka ɗura kawai take yi. Siraran wayoyin da na raina su ne idon cajar, da su take ganin kowane gida. Allurar kuwa, ya ce, da ta haɗa faifan cikin, da a hannuna zai tashi.

Na buɗe baki zan ce yaran zamani da zuzuta abu, sai tukunya ta yi huci. Farin hayaƙi ya turnuƙe, harshen wuta ya biyo baya. Kajin gidan suka haye katanga, ni kuma, da nake cewa gwiwa ta hana ni tsalle, na tsinci kaina a bayan randa, takalmi ƙafa ɗaya. Ɗan wan nawa ne ya juye wa tukunyar bokitin yashin gini. Maƙwabcinmu ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Uwargida ta ce lafiya lau, Alhaji ne ke wasa.

Kushin ɗin ya samu tabo daidai tsawon batirin, an rufe shi da matashi, baƙi ba su sani ba.

Sabon batirin yanzu a kasko yake caji, a kan siminti, bayan ya huce, a kan amfiya 5, siraran wayoyi a jone. In za a ajiye shi kwanaki, sai an bar kowane gida a bolt 3.8. Ni ne mai gadi, kusan awa guda a kujera 'yar tsugunno, ba majalisa, ba gyangyaɗi. Jiya ina zaune auta ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon kaskon, sannan ya ce, "Baba, yaushe za ka gama gwada min?"