Ɗakin kwamfuta mai kwaɗo biyu

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A makarantar da nake koyarwa muna da ɗakin kwamfuta. Guda goma sha biyu ne a ciki, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, ƙofar kuma da kwaɗo biyu. Ba a buɗewa sai ran da baƙi za su zo duba makaranta. Ran nan sai a share, a tayar da janareta, a zaɓo yara masu tsabtar kaya a zaunar, a ɗauki hoto. Sauran kwanakin kuwa yara na aji suna rera ma'anar kwamfuta da Turanci kamar waƙa, suna zana hotonta a littafi da biro. Yaro ya ci tamanin a jarrabawar kwamfuta, amma ranar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta, ka ga hannunsa na karkarwa a kan linzami.

Ciwon nan mun gada ne. Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare bayan an shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982 sun san darasin fasaha da muke kira Intirotek. An shigo da akwatunan injuna daga ƙasashen waje, a makarantu da yawa babu wuta, babu malamin da ya iya su, suka yi tsatsa a cikin akwatinsu. Ni dai zarto na zana shi ya fi sau goma, ban taɓa yanka katako da shi a makaranta ba.

Akwai wani masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, Seymour Papert, da ya rasu a 2016. Ya yi shekaru a Jeniba tare da Jean Piaget, mutumin da ya nuna cewa yaro da kansa yake gina fahimtarsa, ba ɗura masa ake yi kamar ruwa a tulu ba. Papert sai ya ɗora a kai: ginin nan ya fi ƙarko idan yaro na ƙera wani abu da ido zai gani, abokansa su taɓa, su kushe, ya koma ya gyara. A 1967 shi da abokan aikinsa suka fito da Logo, harshen ba kwamfuta umarni da aka yi domin yara. Daga baya suka haɗa shi da wani ɗan kunkuru da ke jan layi duk inda ya bi. Yaro ne zai ce masa yi gaba taku kaza, juya dama digiri kaza. Damuwar Papert ita ce kada kwamfuta ta riƙa juya yaro, yaron ne ya kamata ya juya ta.

Zangon da ya wuce na gwada da tsohuwar kwamfutata ta cinya, guda ɗaya tal, a aji mai yara sama da saba'in. Na sa Scratch, jikanyar Logo ce da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, kuma tana aiki ko ba intanet. Maimakon kunkuru kyanwa ce a ciki. Murabba'i bai ba su wahala ba: gaba 100, juya 90, sau huɗu. Da na ce su yi mai kusurwa uku daidai-wa-daida, duk ajin suka ce juya 60, tunda haka suka haddace. Kyanwa ta ja layi uku, zanen ya ƙi rufewa. Wani ya ce a ƙara, aka ƙara har shida, sai ga mai kusurwa shida ya fito. Aji ya kaure da dariya, wasu na cewa kwamfutar Malam ta tsufa.

Na ƙi faɗa musu amsar, ko da yake bakina na ƙaiƙayi. Muka fita fili, aka sa yaro ɗaya ya zama kyanwa, yana jan sanda a ƙasa, sauran na ba shi umarni. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba, wadda ni kaina na sa ta a layin masu rauni a lissafi, ta ce, "Malam, ai kafin ya dawo inda ya fara sai ya juya gaba ɗaya. In sau uku zai juya, a raba 360 gida uku." Aka sa 120, zane ya rufe. Shekara nawa ina rubuta wannan ƙa'ida a allo, ban taɓa jin ɗalibi ya faɗe ta da bakinsa haka ba.

Kada wani ya ce to a raba wa kowane yaro kwamfuta a huta. An gwada. A 2005 Nicholas Negroponte, wani malamin jami'ar MIT, ya fito da shirin kwamfutar dala 100 ga kowane yaro, Papert ma na cikin waɗanda suka tsaya masa, har an yi gwajinta a wata firamare a Galadima, Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta sayi sama da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika a 2012, bai ga ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. An kai na'ura, malami da salon darasinsa suna nan yadda suke.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mu ba baƙi ba ne a wannan harka. Wa ya koya mana motar kara da ta langa-langa? In taya ta karkace ka kwance ka sake, ba mai ba ka sifili. Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ga yaron da aka ce ba ya ja a boko yana kwance waya yana bin layin wuta da mita. Maƙera da dukawa da kanikawa duk haka suke yaye yaransu, hannu a kan aiki. Sai an shigo aji ne muke cewa a naɗe hannu a yi shiru.

Na san uzurinmu, ni ma ina cikinsa. Manhajar karatu ta yi yawa, WAEC ba ta tambayar abin da ka ƙera, albashi ba ya kai wata, ga iyayen da za su ce wasa aka tura 'ya'yansu yi. Darasin kyanwar nan sai da ya cinye mini mako guda, na kuma biya bashinsa da gudu.

Duk da haka shekaranjiya na je wurin shugaban makaranta neman makulli. Ya dube ni ya ce, "Malam, in ta lalace wa zai biya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo takarda in sa hannu." Ya ce zai yi shawara. Kafin ya gama shawarar, duk mai mataccen rediyo, tsohuwar caja, kwali ko ƙaramar fankar da ta daina aiki, don Allah kada ya zubar, ya yi mini magana ta akwatin saƙo. 'Yan aji biyu sun ce fanka mai aiki da batir suke so su haɗa kafin zafi ya shigo.