Bidiyon Minti Ɗaya Ba Ya Ƙirga Numfashin Yaro

Yanzu duk wanda ya samu farar riga da waya ya zama likitan yara. Ka buɗe TikTok ko Facebook, sai ka ci karo da wani yana zayyano magunguna: in yaro na zazzaɓi a ba shi kaza, in gudawa ce a haɗa masa kaza da kaza. Iyaye kuwa sai adanawa suke yi, suna tura wa 'yan uwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne sunan magani kawai ake ba su, alhali abin da uwa ke son sani da tsakar dare shi ne ko ciwon nan na jinyar gida ne, ko na a saɓi yaro a nufi asibiti yanzu-yanzu.

Maganin da aka fi ambata kuwa antibayotik ne. Mura da yawancin tari da yawancin gudawar yara ƙwayar bairas ce ke kawo su, antibayotik kuma bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairas. Yaron zai warke don kansa, a ce maganin ne ya yi aiki, gobe a sake. Ana cikin haka ƙwayoyin cuta suke sabawa da shi har ya daina yi musu komai. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu sanadin bakteriyar da ta daina jin magani. Masu cewa ai bidiyon ya fi babu tunda ganin likita da wuya, sai su gaya mana wahalar da maganin da bai dace ba ya taɓa rage wa wani.

Abin da ya kamata a koya wa iyaye ba shi da daɗin kallo, shi ya sa ba ya yawo. A ɗaga rigar yaro yana kwance ba ya kuka, a duba agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko kuma ƙasan haƙarƙarinsa na loɓawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ana zargin ciwon huhu ne, sirof ɗin tari ba zai yi masa komai ba. Jaririn da bai cika wata 3 ba kuwa, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38 babu maganar jira, ko da yana kama nono. Haka yaron da ya ƙi sha sam, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ake tashinsa da ƙyar. Inda ake fama da maleriya, gwajin jini ake fara yi kafin magani.

Gudawa ce aka fi yi wa ɓarna. Abin da ke kashe yaro a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne, don haka ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha, shi ne magani. A zuba fakiti ɗaya cikin ruwa mai tsabta daidai adadin da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. Wasu kan rage ruwan wai don ya fi ƙarfi, sai gishiri ya yi wa jinin yaro yawa, a ƙara masa wata matsalar. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya girme shi 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. Sai ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma kada a daina don gudawar ta tsaya. Jini a bayan gida, idanu sun faɗa, maɗiga ta loɓa, fitsari ya ɗauke: wannan ya wuce gida.

Ko farasitamol da kowa ke ganin ya iya, da nauyi ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 kan kowane kilo, tsakani awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da dare. Magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, sai a haɗa biyu ba a sani ba, hanta ce kuma ke shan wahala. Asfirin ba na yara ba ne.

Manya ma ba su tsira ba. Tarin da ya wuce mako 2 gwajin tarin fuka yake nema. Bakin da ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa kuma cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Wanda ya tsaya neman bidiyo ya cinye lokacin da hannunsa.

Kamfanonin da ke da waɗannan dandamali sun iya gano waƙar da aka sata cikin daƙiƙa, amma wai sun kasa gano mai rubuta wa jarirai magani ba lasisi. Su nemi shaidar aiki kafin su bar kowa ya ambaci adadin magani, hukumomin da ke ba likitoci lasisi kuma su daina kallo. Likitocin gaske su ma su fito su ɗauki waya, su nuna wa iyaye yadda ake ƙirga numfashi.