Wanda ya faɗi gaskiyar lalurarsa shi muke hana wa aure

A unguwarmu akwai wani mai gyaran waya wanda cutar shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana ɗan shekara uku. Shagonsa ba ya rabo da jama'a, yana da yara biyu da yake koya wa aiki, kuma shi ne ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Shekarun baya ya ga wata yarinya ya ji yana so, ita ma ta amince, sai ya shirya ya tafi zance a kan kekensa mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Da ya isa ƙofar gidan ya aiki yaro ya yi masa sallama da ita, can sai ga yaron ya fito da naira hamsin, wai an ce a ba mai bara ya yi haƙuri. Yana dariya yake ba ni labarin, amma na lura bai taɓa mantawa da adadin kuɗin ba.

Daga baya, da manyansa suka je neman auren, mahaifin yarinyar bai ci musu fuska ba. Cewa ya yi: "Ba ƙin yaronku muka yi ba, amma in naƙuda ta tashi cikin dare, wa zai kai ta asibiti?" Tambayar tana da kamar hankali a cikinta, sai dai ban taɓa jin an yi wa saurayi mai ƙafa biyu irinta ba, ko da kuwa ba shi da aikin fari balle na baƙi, ba shi da ko keken hawa, kuma a ɗakin zauren gidan ubansa zai ajiye amaryar.

Wannan ke nan game da lalurar da ido ke gani. Wadda ba a gani ta fi wannan sarƙaƙiya. Na san wata baiwar Allah, mai karatu da natsuwa, wadda tun tana makarantar gaba da sakandare take fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai tashi da kwantawa. Tana ganin likita, tana shan maganinta, kuma ta yi shekaru ba wanda zai gan ta ya ce tana da wani ciwo. Sau biyu tana gaya wa masu neman aurenta gaskiya, sau biyu suna ɗauke ƙafa, na biyun ma har da baza labarin a majalisarsu. Da na uku ya fito, mahaifiyarta ta ja mata kunne ta ce, "Kul kika kuskura kika faɗa." Aka ɗaura aure, aka kai amarya da ƙwayoyin maganinta a cikin tsohuwar robar man shafawa a ƙasan akwati. Da suka ƙare, komawa asibiti na buƙatar izinin miji, izini kuma na buƙatar bayani, sai ta daina sha. Bayan haihuwarta ta fari, tun kafin a yi arba'in, ciwon ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Dangin miji suka ce an yaudare su, kuma gaskiya suka faɗa. Aka miƙo mata takardarta.

Kowa ya ga laifinta da na mahaifiyarta, ni ma ban wanke su ba. Amma ra'ayina shi ne samarin nan biyu da suka gudu, musamman wanda ya yi tallar sirrinta, su ne suka koya wa gidan darasin ɓoyewa. Mun wayi gari a cikin wani tsari da yake hukunta wanda ya faɗi gaskiya nan take, ya kuma jinkirta hukuncin wanda ya ɓoye zuwa bayan biki, sa'an nan mu zo muna mamakin yadda mutane suke zaɓar ɓoyewa.

Matsalar ba ta cika tasowa tsakanin saurayi da budurwa ba; a wajen bincike take tasowa. Binciken asali da hali kafin a ba da aure al'ada ce mai kyau, ba kuma na goyon bayan a watsar da ita. Abin dubawa shi ne wa ake tambaya, kuma me ake tambaya. Akan tura kawu ko baffa unguwar su yaro, ya tsaya wajen mai shayi ko ya ja wani dattijo gefe bayan sallar La'asar, ya ce, "Akwai hauka a zuri'arsu? Akwai farfaɗiya? Akwai kuturta?" Amsar mutum guda wanda bai san bambancin ciwon damuwa da farfaɗiya ba ta isa ta rushe maganar da aka yi shekara biyu ana ginawa. Kalma ɗaya muke da ita a bakin titi, wato "mahaukaci", kuma da ita muke kiran wanda yake yawo tsirara a kasuwa, da matar da ta shiga ƙunci bayan haihuwa, da ɗalibin da ya taɓa kwanciya sati biyu a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau shekara goma da suka wuce.

Alhali abin da likitanci ya tabbatar ya sha bamban da abin da ake yanke hukunci a kansa. Shan-inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba a gadonta, kuma tun watan Agustan 2020 aka ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da nau'inta na asali. Guragun da ta bari a Kano da Katsina da sauran garuruwanmu za su haifi 'ya'ya masu gudu da ƙafafunsu kamar na kowa. Kuturta ita ma ba gado ba ce, ana warkewa daga gare ta da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, waɗanda ake bayarwa kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan suka samu maganin da ya dace, ita ce kuma ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Idan haka ne, da wuya a samu babban gida a ƙasar Hausa da zai tsallake irin tambayar da kawu yake yi a wajen mai shayi, har da gidan kawun kansa.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, tunda a kan ɓoyewa nake ƙorafi. Wasu manyan cututtukan ƙwaƙwalwa suna da nasaba da gado, kuma wanda ɗaya daga cikin iyayensa yake da su ya fi sauran mutane kusantar kamuwa, ko da yake mafi yawan irin waɗannan 'ya'ya ba sa kamuwa. Jinya tana da nauyi, magani ya yi tsada, likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma manyan asibitocin wannan fanni a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun yi wa mutanen karkara nisa. Uban da ya auna wannan duka ya ce 'yarsa ba za ta iya ba, bai yi zalunci ba. Zaluncin yana wajen wanda ya ƙi ba tare da ya nemi sani ba, da kuma wanda aka ba amanar sirri ya mayar da shi abin hira.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda muka bar abin da ke cikin littattafan da muke karantawa a zaurukanmu. Duk wanda ya yi karatun Risala da Muhtasar ya san babin aibubban da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure a mazhabar Malikiyya: hauka, da kuturta, da albaras, da larurorin da ke hana saduwa. Makanta da gurguntaka ba sa cikin jerin, sai dai idan an gindaya sharaɗin lafiya tun wajen ƙulla auren. Kuma zaɓin kansa ya rataya ne a kan rashin sani. Wanda ya san aibin kafin aure, ko ya yarda da shi bayan ya sani, ba shi da zaɓi kuma. Har ma malamai sun yi maganar jinkirta wa mai ciwon da ake fatan warkewarsa shekara guda ya nemi magani kafin a raba. Ma'ana, shari'a ba ta rufe wa mai lalura ƙofar aure ba, ƙofar yaudara ta rufe, ta kuma ɗora komai a kan sani da yarda. Sahabi Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, yana da iyali da 'ya'ya maza da suka fita yaƙi, shi ma ya yi shahada a Uhudu. Julaibibu, wanda mutane suke raina surarsa da rashin danginsa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya nema masa aure a wani gida na Ansaru, iyayen suka yi jim, yarinyar ce ta ce ta yarda.

Akwai kuma wani kuskuren da ke zuwa da rigar alheri, wato auren tausayi. Za ka ji ana cewa, "Ka taimaka ka aure ta, lada za ka samu," sai a ɗauki budurwa makauniya ko kurma a miƙa wa dattijo mai mata biyu, ba tare da an tambaye ta ko tana da wanda take so ba, kamar dai samun miji kaɗai ya isa ta gode wa Allah ta yi shiru. Mace mai lalura ta fi namiji shan wannan wuya nesa ba kusa ba, domin shi idan yana da abin hannunsa ana iya kau da kai, ita kuwa tambayar farko ita ce ko za ta iya girki da goyo, bayan kuwa shekara da shekaru ita ke girka wa gidansu abinci. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne maganar nan ta "a yi masa aure zai warke". Aure ba magani ba ne. Saurayin da yake cikin tsananin ciwo, ko wanda ƙwaya ta birkita, asibiti yake buƙata, kuma haɗa shi da 'yar mutane a wannan hali cutar da mutum biyu ne a lokaci guda.

Da yawa daga cikin masu buƙata ta musamman sun daɗe da samar wa kansu mafita ta auren junansu. Makafi suna da sarkinsu da unguwanninsu, guragu ma haka, kurame kuwa sukan haɗu tun daga makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano, su ƙulla soyayya da maganar hannu wadda ko iyayensu ba sa ji. Ban ga aibin wannan ba, hasali ma auren da miji da mata suke jin harshe ɗaya ya fi wanda ake zaman kurame a cikinsa alhali kowa na da kunne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya zama katanga, a ce iyakarsu ke nan.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, a Janairun 2023 kuma ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma babu dokar da za ta shiga zaure ta tilasta wa waliyyi ya ba da 'yarsa. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, wadda ta ƙunshi cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta da rukunin jini saboda sikila, kuma na ji masu ra'ayin a ƙara da gwajin ƙwaƙwalwa. Ina ganin niyyarsu kyakkyawa ce, amma ban goyi baya ba. Babu wani gwajin jini da ke nuna ciwon damuwa, kuma takardar da za a riƙa nunawa a masallaci ranar ɗaurin aure za ta zama tambari ne kawai, ta kori mutane daga asibiti don kada sunansu ya shiga rajista.

Abin da ya fi wannan amfani ba ya buƙatar majalisa. Mai lalura ya faɗa da bakinsa, ba ranar farkon haɗuwa ba, ba kuma bayan an shafa fatiha ba, sai dai idan magana ta yi ƙarfi, kafin a kai kuɗin gaisuwa a sa rana. Wanda aka gaya wa kuma ya nemi a je tare wajen likitan da ke duba abokin nasa, ya yi duk tambayar da ke ransa: sau nawa ciwon ya taɓa tashi, mene ne alamunsa na farko, nawa maganin wata yake ci, me za a yi idan an samu ciki. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce, domin akwai magungunan farfaɗiya da na ƙwaƙwalwa da ke iya cutar da ɗan tayi, ana kuma iya sauya su idan likita ya sani da wuri, sa'an nan makonnin farko bayan haihuwa su ne lokacin da ciwo ya fi saurin dawowa, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka kowa hankalinsa na kan jariri. Idan bayan wannan duka mutum ya ga ba zai iya ba, ya janye cikin mutunci ya kama bakinsa.

Mai gyaran wayar nan ya yi aure daga baya a wani gida. Kawun yarinyar bai je wajen mai shayi ba, shagon ya zo ya zauna a benci wuni guda yana kallon ciniki, da yamma ya yi masa tambayoyinsa ido da ido. Daren da naƙudar matarsa ta tashi, waya ya ɗauka ya kira maƙwabcinsu mai Adaidaita Sahu, kamar yadda kowane magidanci a layin yake yi. Ita kuwa waccan baiwar Allah tana gidan iyayenta, ta koma kan maganinta, ta kuma samu aikin koyarwa. Kwanan baya wani ya fito yana so, mahaifiyarta ta sake kawo maganar a yi shiru, sai ta ce mata, "Inna, wancan karon na ji maganarki." Ta riga ta gaya masa ranar da za ta koma ganin likita, ta ce in yana da hali ya zo su tafi tare.