Motsa jikin muke so, ba gaida rana ba

Batun da wani labari ya kawo cewa yoga, wato wani salon motsa jiki, na rage ciwon baya da damuwa, wannan gaskiya ne: miƙa gaɓoɓi da jan numfashi a hankali na sassauta jiki, bugun zuciya ya lafa. Telan da ya wuni a duƙe kan keke a kasuwar Sabon Gari ya fi kowa buƙata. Sai dai labarin ya tsallake abin da zai sa Zazzagawa su ja baya. Daga Indiya abin ya fito, kuma akwai sashen da ake yi da sunan gaida rana. Malam mai cewa duk shirka ne, ai ana iya barin wancan sashen. Me zai hana masana wasanni na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) su tsara mana namu, mata daban, maza daban?