Rimiks: Kunnen Ba'amurke ya fi na Bakano tsada

A watan Agustan 2022 mawaƙin Najeriya Rema ya sake fitar da waƙarsa "Calm Down", wannan karon da muryar mawaƙiyar Amurka Selena Gomez a ciki, irin sabon zubin da ake kira rimiks. Kiɗan yana nan yadda yake, amshin ma bai canza ba. Amma sabon zubin ne ya haura mataki na 3 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard a Amurka, shi ne kuma ya zarce sauraro biliyan ɗaya a manhajar sauraron waƙa ta Spotify. Masoya na ta gardama kan wanne ya fi daɗi. Kamfanonin waƙa kuwa tuni suka gama nasu lissafin tun kafin a shiga situdiyo.

Ga yadda kuɗin yake tafiya. Spotify ba shi da tsayayyen farashi kan kowane sauraro. Abin da ya tara a kowace ƙasa cikin wata, daga kuɗin rajista da na talla, shi yake ɗibar kusan kashi biyu cikin uku ya raba wa masu haƙƙin waƙoƙi gwargwadon yawan sauraronsu, kuma sai waƙa ta kai daƙiƙa 30 a kunne ake ƙirga ta. Da ya shigo Najeriya a 2021, naira 900 ake biya a wata, kimanin dala biyu, alhali Ba'amurke na biyan dala 9.99. To mawaƙin da ke da hankali, kunnen wa zai bi?

Nan masana alƙaluma ke shigowa. Kamfani yana da allon da ke nuna masa garin da waƙa ke tashe, shekarun masu jin ta, da yadda ake yanka ta a TikTok. Idan ta fara motsi a wata kasuwa, sai a nemo mawaƙin wurin a ɗora shi a kai. Haka mawaƙin Najeriya CKay ya yi da "Love Nwantiti", har da zubin arewacin Afirka tare da ElGrande Toto na Maroko. Billboard ma yakan haɗa lissafin rimiks da na asalin waƙa, dabarar da ta taimaki mawaƙin Amurka Lil Nas X ya shafe makonni 19 a saman jadawali a 2019.

Ni ban ga laifin mawaƙan ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Damuwata ita ce yadda muka fara ɗaukar waɗannan alƙaluma tamkar su ne ma'aunin karɓuwar waƙa.

Je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka tsaya gaban mai tura waƙoƙi. Yaro zai miƙa memori, a cika masa sababbin waƙoƙi a kan 'yan canji, kafin la'asar ya tura wa abokansa ta Xender. Da daddare DJ ya ƙara wa waƙar sauri a gidan biki, ya cusa sunan amarya a tsakiya (shi ma fa rimiks ne, babu dai mai biyan kowa), gobe ka ji ta a cikin A Daidaita Sahu, jibi a Maraɗi. Duk wannan, a allon kamfani sifili ne. Mai nazarin da ke zaune a Legas ko Landan zai duba ya ce arewa ba kasuwa, sai ya kai jarinsa wani wuri.

Wasu za su ce mawaƙanmu su ɗora waƙoƙinsu a Audiomack da YouTube mana. Suna ɗorawa, kuma ya kamata su ƙara, su riƙa rajistar haƙƙin mallaka kafin wani DJ ya riga su. Sai dai mai sauraron da ke auna datarsa kamar gishiri sau ɗaya zai sauke waƙa, ya yi wata yana ji ba tare da na'ura ta sani ba. Shi ya sa har yau mawaƙin Hausa ya fi dogara da liƙin biki da kwangilar 'yan siyasa, kuma duk kamfanin da ke son sanin girman wannan kasuwa sai ya tura mutum ya ƙirgo abin da ake turawa a shaguna.