Ƙa'idar ƙarin girma ce ke danne malamai mata, ba ƙarancin ƙwazo ba

Tun 1977 da Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, mace ba ta taɓa shugabantar ta ba. Ba wai an rasa waɗanda suka isa ba ne. Farfesa Ruqayyatu Ahmed Rufa'i daga nan ta fito, ta riƙe ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016 zuwa 2021. Farfesa Hadiza Galadanci kuwa duniya ta san aikinta a kan zubar jini bayan haihuwa. Amma a leƙa zaman majalisar kowace jami'a a Kano, a ƙirga mayafai, a ƙirga huluna.

An saba cewa laifin al'ada ne, ko na mazan aure. Akwai gaskiya a ciki, sai dai jami'a ba ta da iko a kan gidan kowa. Abin da ke hannunta shi ne kundin ƙarin girma, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Daga mataimakin lakcara zuwa farfesa hawa biyar ne: lakcara II, lakcara I, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A mafi yawan jami'o'i sai an cika aƙalla shekara 3 a kowane mataki, wato shekara 15 ke nan ga wanda bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ba a tsallake lakcara I sai da digirin digirgir. Matakai biyun ƙarshe kuma sai an aika rubuce-rubucen mutum ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance, abin da kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara.

To, yaushe malama ke yin digirin digirgir? Galibi tsakanin shekara 30 da 40, daidai lokacin ciki da goyo da yaye. Hutun haihuwa yana nan a takarda, amma ba ya dakatar da lissafin komai. Ranar da kwamiti ya zauna, adadin maƙalun da ake nema a wurin wadda ta yi jego biyu cikin shekara 3 shi ake nema a wurin abokin aikinta. Idan maki bai kai ba, sai baɗi. Wadda mijinta ya rasu ta shiga takabar wata 4 da kwana 10 ma haka take. Jinkirin shekara ɗaya nan, biyu can, sai ka tarar ɗalibin da ta koyar ya zama shugaban sashenta.

Sai kuma rabon aiki, wanda a ganina ya fi komai ɓarna domin ba a ganin sa. Wa ake bai wa kula da 'yan aji ɗaya, da haɗa sakamakon jarrabawa, da kwamitin walwala, da sasanta rigimar ɗakin kwanan ɗalibai mata? "Ai Malama ta fi haƙuri." Haƙurin nan yana cinye makonni a kowane zango, makin da ake ba shi kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da maƙala ɗaya a mujallar da ake ji da ita. Wanda ya ƙi karɓar aikin ya kulle ofis yana rubutu, shi ne zai riga ta hawa.

Ita kanta maƙalar ba a zaune take zuwa ba. Da yawa daga mujallun waje suna karɓar kuɗin bugawa da dala, don haka malamai kan yi karo-karo su haɗa suna a takarda ɗaya. Ina ake ƙulla wannan? A majalisar bayan la'asar, a mota kan hanyar zuwa taro, a hirar bayan isha'i. Malama ba ta wurin, kuma idan ta yawaita zama a ofishin mai duba aikinta, bakin mutane ba zai bar ta ba. Idan ma an sa sunanta, yakan zo na huɗu ko na biyar, alhali jami'o'i da dama sun fi bai wa marubucin farko maki. Zaɓen shugaban tsangaya ma a irin waɗannan zama ake gama shi tun kafin ranar ƙuri'a.

TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na biyan kuɗin ƙaro karatu da halartar taro, amma ba a yi lissafin jariri da mai raino a ciki ba. Shi ya sa mata da yawa ke haƙura su yi digiri ukun duka a sashe guda, ƙarƙashin mutanen da gobe su ne za su zauna a kan takardun ƙarin girmansu.

Masu cewa gyara zai zubar da darajar farfesa suna da hujja idan ana nufin rage ingancin bincike. Ba shi ake nema ba. A bar tantancewar waje yadda take. Abin da majalisar jami'a za ta iya yi a zama ɗaya shi ne ta ƙara wa mai jego wa'adin kammala digiri ba tare da ta yi roƙo ba, ta rage mata kwasa-kwasai a zangon da ta dawo, ta kuma sa aikin kula da aji da na jarrabawa ya riƙa zagayawa bisa jadawali, da maki mai tsoka. Taron sashe ya tashi kafin lokacin ɗauko yara daga makaranta. Duk wanda ya san cunkoson titin Gwarzo na Kano da rana ya san dalili. A samar da gidan raino kusa da tsangayoyi, mai buɗewa har ƙarfe 6.

Kowace jami'a kuma ta riƙa fitar da alƙaluma duk shekara: mata nawa, maza nawa a kowane mataki, shekara nawa kowane ɓangare ke yi kafin ya bar lakcara I. Bayanan suna nan a ofishin magatakarda, cikin fayil ɗin kowane malami.