Bakwai sau takwas: a bar yara su yi wasan lissafi a waya

Duk wanda ya bi ta gefen makarantar firamare a Katsina da hantsi ya san wannan muryar: aji guda na rera jadawalin sau da Turanci, kamar waƙa. Mu ma haka muka yi, muna kallon bangon bayan littafin rubutu. Amma ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi bakwai sau takwas. Sai ka ga ya ɗaga kai sama, leɓɓansa na motsi, ya koma bakwai sau ɗaya yana hawa daki-daki. In ya yi tuntuɓe a hanya, shi ke nan.

Na ga haka ga ɗiyar ƙanwata da ke aji huɗu a wajen Ƙofar Marusa, kuma abin ya dame ni, don yarinyar tana da kai. Ka ce mata an kawo jaka uku ta ruwan leda, nan take za ta ce guda sittin ke nan. Waƙar ce ta riƙe ta: ta haddace jeri, ba ta iya ciro amsa daga tsakiya.

A nan wasannin lissafi na waya suke da amfani, shi ya sa nake goyon bayansu. Wasan ba ya bin jeri. Zai jefo shida sau tara, ya koma huɗu sau bakwai, in yaro ya kuskure ya nuna masa amsar nan take, masu kyau daga ciki ma su sake dawo masa da ita can gaba. Ba tsawa, ba bulala, ba dariyar 'yan aji. Malamin da ajinsa ya cika maƙil, ko ya so, ba zai iya bin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya haka ba. A Ingila, tun 2022 aka wajabta wa 'yan aji huɗu gwajin jadawalin sau a kan kwamfuta: tambaya 25, kowace daƙiƙa 6. Daƙiƙa shida ba ta isa a faro waƙa daga tushe, kuma abin da suke son aunawa ke nan. Yaron da amsa ba ta zo masa da sauri, in aka shiga lissafin rabawa, ƙarfinsa duk a ƙirga yatsu yake ƙarewa.

Sai dai wasan maimaici kawai yake ba yaro, ba ya koyar da ma'ana. Wannan aikinmu ne, kuma da Hausa ya kamata a fara shi. A ajiye wa yaro kiret ɗin ƙwai: layi biyar, kowane layi shida, talatin. A juya kiret ɗin, ya zama layi shida na biyar-biyar, ƙwan bai ƙaru ba bai ragu ba. Gani ya kori ji. Ramukan dara da dattawa ke haƙawa a ƙofar gida ma biyar sau shida ne. Yaron da ya gane cewa biyar sau shida da shida sau biyar abu ɗaya ne ya sauke kusan rabin kayansa: amsoshi 144 da ke cikin jadawalin har zuwa sha biyu sun koma 78. Bayan nan ne za a miƙa masa waya.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: data ta yi tsada, wuta ba tabbas, yaro kuma in ka ba shi waya sai ya zarce kallon bidiyo. Akwai wasannin da in an sauke su sau ɗaya suke aiki ba intanet, kuma kashe data na rage tallace-tallacen da ke faɗowa, waɗanda wasu ba su dace da idon yaro ba. Minti goma bayan Magariba, uba ko uwa ko yaya na zaune a gefe, sun wadatar. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Ina roƙo kuma a lura da 'yan mata, don a gidaje da yawa wayar hannun maza take fara zuwa, ita kuma tana can wurin wanke-wanke.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Yawancin wasannin nan da Turanci suke, da kayan da yaranmu ba su taɓa gani ba. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, wadda ke da darussa har da Hausa, kuma ya kamata malamai su leƙa ta. Amma me zai hana mu yi namu? Kowace shekara ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Ɗaya daga cikinsu ya ƙera mana wasan sau da Hausa, mai mudu da kiret da canjin naira, marar nauyi, wanda za a tura daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Hukumar SUBEB, mai kula da makarantun firamare na jiha, kuma ta gwada shi a makarantu kaɗan, ta ji ta bakin malaman aji uku da aji huɗu.